Abubakar Imam (1911–1981): Marubucin da ya aro labaran duniya ya mayar da su na Hausa

A makarantun firamare da na sakandare na Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar yadda yake a sauran sassan ƙasar Zazzau, da wuya a samu wanda ya yi karatun boko bai taɓa cin karo da akun nan na Magana Jari Ce ba. Wasu a aji suka karanta, wasu a bakin yayyensu suka ji, wasu kuma a talabijin suka gani lokacin da tashar NTA ta Kaduna ta mayar da labaran wasan kwaikwayo. Da yawa daga cikinsu sun tashi suna ɗauka cewa labaran duk tatsuniyoyin kaka da kakanni ne da aka tattara aka rubuta. Sai wanda ya kai jami'a, ya zauna a ajin nazarin adabi a Samaru ko Kano ko Sakkwato, yake jin cewa da yawa daga cikin labaran sun yi doguwar tafiya kafin su iso ƙasar Hausa: wasu daga Bagadaza, wasu daga Indiya, wasu daga Jamus, wasu kuma daga Italiya.

Mutumin da ya yi wannan aiki shi ne Alhaji Abubakar Imam, malamin makaranta, marubuci, ɗan jarida, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara siyasar zamani a Arewacin Nijeriya. Ya shafe mafi yawan shekarun aikinsa a Zariya, babban birnin masarautar da Ikara da Maƙarfi da Kudan suke ƙarƙashinta, kuma a can ya rasu.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yau. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, kuma asalin zuriyar daga ƙasar Barno take. A gida ya fara karatun allo da na littattafai, kamar yadda 'ya'yan malamai suke yi. Daga baya ya koma Katsina wurin wansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina a ƙarshen rayuwarsa. A hannunsa ya shiga makarantar boko.

A shekarar 1927 ya samu shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, makarantar da ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran waɗanda suka riƙe Arewa daga baya. Ya kammala a 1932, aka ɗauke shi malamin Turanci a makarantar Midil ta Katsina. Ke nan tun yana ɗan shekara ashirin da ɗaya yana da harsuna uku a hannu: Hausa da ya tashi da ita, Larabci da ya gada a zaure, da Turanci da ya koya a aji. Duk abin da ya rubuta daga baya a kan waɗannan ukun ya tsaya.

Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

A farkon shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka tana da wata hukuma a Zariya mai fassara littattafai don makarantu, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Matsalar da hukumar ta fuskanta ita ce yara suna koyon karatun boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi cikin harshensu. Rubutun Hausa na ajami ya daɗe, sai dai mafi yawansa waƙa ce ta wa'azi da fiƙihu da tarihi. Ƙagaggen labari a zube bai samu gindin zama a wurin malamai ba, domin da yawansu suna ganin rubuta abin da bai faru ba ɓata tawada ne.

Saboda haka a 1933 East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, ya zaga garuruwan Arewa yana neman masu shiga. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East da kansa.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya fita duniya neman wani ruwa mai warkarwa, yana haɗuwa da abokin gabarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dabara. Imam bai ɓoye inda ya samo wannan tsari ba. A cikin tarihin rayuwarsa ya bayyana cewa daga Muƙamatul Hariri ya ɗauko shi, littafin da Abu Muhammad al-Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya rubuta, kuma ake karantar da shi a zaurukan ƙasar Hausa don ƙwarewa a lugga. A can ma mutum biyu ne, Abu Zaid mai wayo da Harisu mai ba da labari, suke ta haɗuwa a garuruwa daban-daban. Shi kansa Hariri tafarkin wani ne ya bi, wato Badi'uz Zaman al-Hamazani, wanda ya riga shi da kusan shekara ɗari. Abin da Imam ya ƙara shi ne ya sauke mutanen biyu a kasuwannin Hausa da kotunan alƙalai da fadojin sarakuna, ya sa musu bakin da mai karatu ya saba ji a ƙofar gidansu.

Wata shida a Zariya

East ya ga baiwar da ke tattare da wannan matashi, ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya, ya zauna kimanin wata shida yana rubutu. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na Gabas, ya karanta, ya zaɓa, ya sake ginawa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai sama da tamanin, waɗanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930.

Ginshiƙin littafin na farko sananne ne. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makircin halaka yaron, aku kuma yana tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarko. A littafi na biyu akun ya zama waziri, yana gasar labari da wani aku daga ƙasar Sirika. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

Akun da ke tsare mutum da labari tsohon tsari ne a adabin Indiya. Akwai wani littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku, wanda aka mayar da shi Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A cikinsa wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya, matarsa tana son fita wurin wani namiji, aku yana hana ta da labari dare bayan dare. Imam ya riƙe akun da darare, ya cire matar da kwartonta, ya sa ɗan sarki da yaƙi da makircin fada. Da wannan canji ɗaya labarin da asalinsa na tsare mutuncin aure ne ya koma na siyasar gadon sarauta, abin da duk wanda ya san fadojin Arewa zai gane nan take, kuma ya dace da ajin yara.

Haka ya yi wa sauran labaran. Kalala da Kalalatu ya samo asali ne daga tarin tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm. A can wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sai ta tsorata baƙon ya gudu, ta ce wa maigidan baƙon ne ya sace kajin. Imam ya mayar da kuku da ubangidanta mata da miji, domin Bahaushe ya fi sanin rigimar miji mai gayyato baƙi da matar da girkin ya rataya a wuyanta. Labarin Sarkin Busa kuwa daga almarar mai sarewar garin Hamelin na Jamus yake, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa. Akwai kuma waɗanda ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da waɗanda suka fito daga bakin Hausawa, da waɗanda ya ƙaga da kansa.

Inda Italiya ta shigo

Masu nazarin da suka bi diddigin labaran, a Nijeriya da ƙasar Polan, sun gano cewa wasu daga cikinsu suna da tushe a Decameron, littafin da Giovanni Boccaccio ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 14. Labarinsa shi ne annoba ta afka wa birnin Fulorans a 1348, matasa goma, mata bakwai da maza uku, suka fice zuwa wani gida a bayan gari, kowannensu yana ba da labari ɗaya a rana har kwana goma, labarai suka cika ɗari. Tsarin iri ɗaya ne da na Dare Dubu da Ɗaya da na akun Imam: mutuwa tana bakin ƙofa, ana riƙe ta da labari. Boccaccio ma aro ya yi, daga littattafan Latin da tatsuniyoyin Faransa da labaran da fatake suka kawo daga Gabas, har Sarki Salahuddin ya fito a cikin wasu labaransa.

A jami'o'in duniya wannan al'amari yana da fage na kansa a nazarin adabi. A tsakiyar shekarun 1960 wata masaniya mai suna Julia Kristeva, 'yar asalin Bulgeriya da ke aiki a Faransa, ta ƙirƙiro masa suna, tana ginawa a kan ayyukan masanin Rasha Mikhail Bakhtin. Ana iya kiransa da Hausa cuɗanyar matani. Ma'anarsa ita ce babu rubutun da ke tsaye shi kaɗai. Kowane matani yana amsa waɗanda suka gabace shi, yana aro daga gare su, yana yi musu gyara ko gardama.

Adabin Italiya na zamani yana daga cikin inda aka fi karantar da wannan darasi. A 1956 Italo Calvino ya fitar da tarin tatsuniyoyin Italiya guda 200, waɗanda ya tsamo daga littattafan masu tattara tatsuniya na ƙarni na 19, ya sake rubuta su daga karin harsunan yankuna zuwa daidaitaccen Italiyanci. A 1972 ya gina wani littafin a kan tafiye-tafiyen Marco Polo, inda matafiyin yake siffanta wa Sarki Kublai Khan birane na ƙage. A 1980 Umberto Eco ya fitar da labarin binciken kisan kai a wani gidan ibada na ƙarni na 14, ya sa wa mai binciken sunan da ke tuna wa mai karatu da Sherlock Holmes, ya sa wa makahon da ke tsare asirin ɗakin littattafan sunan da ke nuni ga marubucin Ajantina Jorge Luis Borges. Waɗannan littattafai ana rubuta kundayen digiri a kansu. Abin lura shi ne aikin da Calvino ya yi wa Italiyanci a 1956, Imam ya yi wa Hausa makamancinsa shekara ashirin kafin nan, a Zariya, yana ɗan shekara ashirin da biyar.

Akwai bambanci, kuma bai kamata a rufe shi ba. Calvino ya jera tushen kowace tatsuniya a ƙarshen littafinsa. Eco kuma yana so mai karatu ya gane aron, domin ganewar tana cikin daɗin karatun. Magana Jari Ce littafin makaranta ne, bai bi labaransa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda kowanne ya fito ba, kuma Baturen gwamnati ne ya zaɓi littattafan da aka ajiye a gaban marubucin. Saboda haka tambayar da malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Ibrahim Malumfashi suka yi ta bibiya tana da nauyi: wane ne ya zaɓi abin da yaran Arewa za su karanta, me aka shigar, me aka bari a waje, kuma ina iyakar hannun East, ina na Imam ya fara?

Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa Imam editanta na Hausa, muƙamin da ya riƙe fiye da shekara goma. Gwamnati ce ta kafa jaridar, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ta zama hanyar isar da labarin yaƙin yadda Ingila take so a ji shi. Duk da haka shafin wasiƙunta ya zama dandalin da malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka fara bayyana koke-kokensu a rubuce. Yawancin ƙa'idojin rubutun Hausa da salon labarin jarida da ake bi har yau a teburin Imam da East suka daidaita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, ya zama cibiyar ɗab'i ta Arewa.

A 1943 Imam yana cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A wannan tafiya Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa ƙasashen yankin wa'adin samun mulkin kai, Imam kuma ya ƙi sa hannu. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ma'aikatu, kuma ba shi da izinin yin magana da yawunta a kan irin wannan babban al'amari. Masu sukarsa sun ɗauki wannan a matsayin biyayya ga Turawa. Amma a tafiyar ce kuma ya gana da Lord Lugard, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya bayyana masa illolin tsarin, daga baya ya rubuta masa su a wasiƙa: zaluncin wasu ma'aikatan En'e a kan talakawa, da yadda aka ture matasa masu ilimi gefe ba a jin shawararsu. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Wannan shi ne matsayinsa a siyasa har ƙarshe: gyara daga ciki, sannu a hankali. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, lokacin tana ƙungiyar al'adu. Sa'adu Zungur da Aminu Kano sun ga cewa irin wannan tafiya ba za ta kai talaka ko'ina ba, suka bi hanyar da ta kai ga NEPU a 1950. Imam ya zauna a ɓangaren da ya zama NPC, aka zaɓe shi ɗan majalisa a farkon shekarun 1950. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma aikin hukuma, ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike ma'aikatu da 'yan Arewa. Da aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya a 1966, ya koma fagen da ya fara, daga baya kuma ya riƙe aikin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna.

Bai daina rubutu ba a duk tsawon wannan lokaci. Cikin ayyukansa akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka rubuta da East a kan ilimin halittu, da littattafan tarihin Annabi da na Musulunci. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. A 1989 NNPC ta buga tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

Abin da ya rage wa na baya

Gardamar aro ba ta mutu da Imam ba. Ita ce ta dawo a shekarun 1990 lokacin da aka yi ta sukar marubutan littattafan soyayya na Kano, ita ce kuma take biye da finafinan Hausa da ake zargi da kwaikwayon na Indiya. Sau da yawa masu sukar sukan kafa hujja da Magana Jari Ce a matsayin adabin Hausa tsantsa wanda na yanzu suka kauce wa. Tarihin littafin bai goyi bayan wannan hujja ba, domin shi ma daga waje aka ɗebo kaso mai yawa na kayan gininsa.

Sai dai tarihin bai wanke kowane mai aro ba. Ma'aunin da aikin Imam ya bari shi ne yawan aikin da aka yi wa abin da aka aro. Ya canza dangantakar mutanen labari, ya canza dalilin da ke motsa su, ya sa karin magana a inda ya dace, ya cire abin da ba zai zauna a ƙasar Hausa ba, har labarin ya zama sai mai bincike ne zai gane baƙo ne. Wanda ya ɗauko fim ko littafin wani ya sauya sunaye kawai bai yi wannan aiki ba. Zamani kuma ya ƙara sharaɗin da ba a matsa wa marubutan 1936 da shi ba, wato faɗin tushe da kiyaye haƙƙin mai shi, musamman ga ɗalibin da ke rubuta kundi da marubucin da ke sayar da littafinsa ta intanet.

Ga ɗalibin da ya taso daga Hunƙuyi ko Ikara ko Maƙarfi ya shiga sashen harsuna a Jami'ar Ahmadu Bello, wannan fage a buɗe yake. Decameron da tarin Grimm da Tutinama duk an fassara su zuwa Turanci, Muƙamatul Hariri kuma tana hannun malaman zaure a cikin birnin Zariya. Ajiye labarin Imam kusa da tushensa, a bi su layi bayan layi a ga abin da ya riƙe da abin da ya zubar, aiki ne da ake iya yi da littattafan da ke ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Daga irin wannan kwatanci ne ake gane abin da Bahaushen shekarun 1930 yake ɗauka abin dariya, da abin da yake ɗauka abin kunya, da irin sarkin da yake ganin ya cancanci biyayya.